Sabuwar zuwa Ayalan: ku ba ni shawara

Sadiya, Kork: Assalamu alaikum. Sati uku ke nan da na zo karatu. Mutanen nan akwai fara'a, ko a tashar bas sai an ja ki da hirar ruwan sama, amma hirar ba ta wuce nan. In na koma ɗaki kewa kamar ta kashe ni. Ta ina zan fara?

Alhaji Bala, Dablin: Wa alaikumus salam 'yata, sannu da zuwa. Takardu tukuna. Nemi lambar PPS, wato lambar shaida ta haraji da hulɗa da hukumomin gwamnati, in kin samu aiki kuma ki tabbata an yi rajistarsa a hukumar haraji, in ba haka ba harajin gaggawa zai kai kashi 40 na albashinki. Katin zama na IRP yuro 300 ne. Ɗalibi awa 20 aka yarje masa a sati, sai lokacin hutu awa 40.

Maman Khalil, Limerik: Alhaji ya gama da takardu, ni zancen kewar zan yi. Ƙanwata, shekarata guda ina jiran maƙwabciyata ta leƙo ni kamar yadda ake yi a gida. Ashe su ba sa faɗo wa mutum, gani suke takura ce. Sai da na sa Khalil a ƙungiyar GAA ta unguwa, mai kula da wasanninsu na gargajiya, yana koyon hurling, wasansu na sanda da ƙwallo, sannan na san iyaye a bakin fili. Yanzu har yara muke ɗaukar wa juna. Ke da ba ki da yaro, je ki parkrun, gudun da jama'a ke haɗuwa su yi a filin shaƙatawa, ranar Asabar tara da rabi na safe, kyauta ne, ko tafiya kawai kika yi. Kuma suna da kara irin tamu: in kika yi wa baƙuwa tayin shayi ta ce a'a, sake yi mata, sai a na biyu ko na uku za ta karɓa.

Usman, Golwe: Sayi katin Leap na biyan kuɗin bas, ya fi biyan tsaba sauƙi. In za ki sauka daga bas ki gode wa direba, kowa na yi. Don Allah kar ki taɓa ce musu 'yan Ingila. A 1922 suka fita daga hannun Birtaniya, kuma ba su manta yunwar da ta fara a 1845 ba, wadda ta ci mutum wajen miliyan ɗaya.

Anti Rabi, Dablin: Ki shirya wa Disamba, rana na faɗuwa tun huɗu da 'yan mintoci. Duhun nan shi ya fi sanyin taɓa ni. Ki tambayi mai kantin magani bitamin D. Azahar, La'asar da Magariba za su matso juna, ki nemi ɗakin salla a makaranta tun yanzu.

Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Manja da kuɓewa fa?

Anti Rabi: Titin Moore a Dablin akwai shagunan 'yan Afirka. Kuka da daddawa dai ina da na gida. Ki hawo jirgin ƙasa ranar Asabar, zan tare ki a tashar Heuston, mu yi tuwo.