Cin abinci a fonda: abin da matafiya Meziko suka ce

Da aka zauna hira da waɗanda suka taɓa zuwa Meziko, bakinsu ya zo ɗaya: a nemi fonda, wato ɗan gidan abincin da iyali ke gudanarwa, uwar gida na gasa tortilla, siririyar gurasar masara, a kan faranti a gabanka. A je tsakanin ƙarfe 1 zuwa 4 na rana, lokacin comida corrida, abincin rana da ake kawowa bi da bi: miya, shinkafa, sannan nama. A riƙe tsabar peso.

Inda aka fi daɗewa kuwa batun alade ne. Tacos al pastor, wato gasasshen nama a cikin tortilla, naman alade ne, ba wata tantama. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne kitsensa, manteca, da ake yawan sakawa a dakakken wake da tamales, ƙullin masara da ake turarawa a cikin ganye. A jihar Oaxaca ma har kan tlayuda, wata babbar tortilla, ake shafa shi. Sai ka tambaya tun kafin a zuba. Wasu suka ce kifi ya fi kwanciyar hankali, tunda ko naman rago akwai maganar yanka.

Yaji kuma, ɗiga kaɗan ka ɗanɗana tukuna. Koriyar salsa, wato miyar yajinsu, ita ma tana sa hawaye. In an kawo agua de jamaica kada ka yi mamaki, zoɓo ne.