Neman shawara: batiran tsohuwar motar soja suna tafasa, ƙwayayen fitila na ta ƙonewa

Ɗan Tasha:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Marsandi 1017, irin ta sojan Jamus da ake sayarwa gwanjo, mai injin OM352 silinda shida. Da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye, don ba ta tsoron yashi. Wutarta volt 24 ce, batir biyu. Kwanan nan in na yi 'yar tafiya sai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya riƙa tashi daga akwatin batir. In na taɓa batiran zafi zau, ruwansu na ƙafewa, farin gari ya taru a kawunansu. Ƙwayayen fitilar gaba kuma sai ƙonewa suke. Wani mai wayarin ya ce altanetar, wato na'urar da ke cajin batir, ita ce ta mutu, in sayi wata. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma motar nan ita ce abincin gidana. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Oga Rewaya:
Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna. Altanetar da ta mutu ba ta dafa batir, taka caji take yi fiye da kima. Nemi mitar auna wuta, ka sa ta a DC. Mota a kashe, batira biyu masu lafiya za su nuna wajen 25. Ka tayar, ka ɗan taka totur: daidai shi ne 27.5 zuwa 28.8. In ka ga 30 ko 31, ko lambar tana hawa duk lokacin da ka ƙara wuta, to katawut, wato abin da ke daidaita wutar altaneta, ba ya riƙewa. Sannan ka auna kowane batir shi kaɗai, a kashe da kuma a kunne, ka kawo mana lambobin.

Baba Tsohon Direba:
Yaro, kafin mita ka ji wannan. Batirin da ke tafasa iskar haidurojin yake fitarwa, ƙyastu ɗaya ya ishe ta. Na ga batir ya fashe a fuskar yaron mota saboda sufana ta haɗa kawuna biyu, Allah ne ya tsare idonsa. Ka buɗe akwatin ya sha iska ya huce, kada mai sigari ya matso. In za ka kwance, fara da nagetib. Kuma kada ka ƙara asid, tataccen ruwan batir kawai, don ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

Na Maraɗi:
Ka cire kan batir mota tana aiki mana, in ba ta mutu ba ai ka san tana caji. Haka muke gwadawa.

Oga Rewaya:
A'a ɗan uwa, wannan gwajin shi ke kashe altaneta. Batir ne ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi inji na juyawa, wutar ta yi sama nan take ta ƙona dayod, wato masu tace wuta a cikin altaneta, da katawut. Balle injin dizal irin wannan, ko babu batir ba zai mutu ba, to me ka gwada? Ɗan Tasha, motocin sojan Jamus suna da babban makunnin yanke batir gaba ɗaya. Duk wanda ya murɗa shi inji na aiki, daidai yake da cire kan batir. Ka tambayi yaranka ko suna yin haka in za su kashe mota.

Ɗan Tasha:
Na auna, Oga. A kashe: ɗaya 12.9, ɗaya 11.8. A kunne jimilla 31.4, kuma tana ƙaruwa da totur. Na farkon yana kai 16.8, na biyun 14.6. Na farkon ne ya fi zafi. Altanetar Bosch ce, katawut ɗin a bayanta yake, da kusoshi biyu.

Oga Rewaya:
Madalla, yanzu muna magana. Matsala biyu ce gare ka.

Ta farko cajin. 31.4 ya yi yawa ƙwarai, shi ke ƙona maka ƙwayayen fitila. Amma kafin ka ɗora wa katawut laifi, duba abin da yake gani. Shi a D+ yake auna wuta, wato ƙaramin kan waya da ke bayan altaneta, ba a kan batir ba. Inji na aiki, auna B+, wato babban kan da ke kai wuta batir, da jikin altaneta, sannan D+ da jikin altaneta. Ya kamata su zo kusan ɗaya. In D+ ta yi ƙasa sosai, ƙananan dayod na ciki sun samu matsala, katawut yana ganin wuta ta yi kaɗan yana ta ƙara wa koyil. A nan ko sabo ka sa, tafasar ba za ta daina ba. In kuwa D+ ita ma tana 31, katawut ne ya ƙone, yana barin wuta ta wuce ba iyaka. Kwance kusoshin nan biyu, zai fito tare da kabon ɗinsa. Goge wurin da yake zama har ƙarfe ya yi haske, domin ta nan yake samun nagetib, kuma motar da ta daɗe a ajiye tsatsa ba ta barin wurin. Je Ƙofar Ruwa ko Panteka da tsohon a hannunka, ka tabbata an rubuta 28V a jikin sabon. Na 14V na ƙananan motoci kamarsu ɗaya, yana ma iya zama daram, amma ba zai yi maka caji ba.

Ta biyu ita ta fi damuna. Tazarar da ke tsakanin batiranka ta yi yawa. Leƙa ka gani, akwai siririyar waya da aka ja daga kan da ya haɗa batiran biyu?

Ɗan Tasha:
Akwai. Da ita na sayi motar, tana ba rediyo da cajar waya da fankar gaba wuta. D+ kuma 31.2 ta nuna.

Oga Rewaya:
To katawut ne, altanetarka lafiya lau. Waccan wayar kuwa cire ta yau. Tana zuƙar batir ɗaya ne kawai, alhali caji ta cikin su biyun yake bi daidai wa daida. Wanda ake zuƙa kullum da yunwa, ɗayan ya cika ana ta ɗura masa har ya tafasa. Ko cajin ya dawo 28, haka za su ci gaba da lalacewa. Sayi kwanbata mai sauke 24 zuwa 12, ka sa mata fis, ka ɗora rediyo da fankar a kanta.

Baba Tsohon Direba:
Batiran kuma a kai wa mai caji, a caja kowanne daban, a bar su su kwana a auna. Wanda ya sauka wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunan cikinsa ya mutu. In za ka sauya, sauya biyun tare, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya. Sabo da tsoho ba sa zama lafiya a mota mai 24.

Ɗan Tasha:
Na gode ƙwarai, Baba da Oga, Allah ya saka da alheri. An sa katawut na 28V, an goge mazauninsa, an cire wayar. Yanzu 28.2 take nunawa, ko na taka totur ba ta wucewa. Batiran suna wurin mai caji.

Oga Rewaya:
Amin. In sun dawo, kunna fitilu duka da fanka ka sake aunawa, kada ta sauka ƙasa da 27. Ka duba fambel ma, da wayar nagetib da ke tsakanin inji da shasi.