Wasan Harbi Hutu Ne Ko Aiki Na Biyu?

Injiniya Sani: Jama'a, ga wata magana da na san ba kowa zai yarda da ita ba. Na yi shekaru ina aiki ba dare ba rana, waya a hannu har a kan gado. Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne wasan harbi a filin da ke da lasisi, kuma ni dai ban ga abin da ya kai shi raba mutum da tunanin ofis ba. Bindigar da na fi so ita ce Ruger 10/22, da aka fara ƙerawa a 1964. Harsashinta ƙarami ne, ba ta dukan kafaɗa, sai ka yi awa biyu da ita ba ka gaji ba. Muddin idonka na kan saiti, babu saƙon aikin da zai faɗo maka a rai.

Malam Habu: Injiniya, na ɗauki rabin maganarka. Ita 10/22 da kanta take ɗora harsashi na gaba, kafin ka ankara goman da ke gidanta sun ƙare. Ai gaggawar ofis ce ka kwaso ka kawo fili. Ni tawa mai sakata ce, ƙirar Mauser ta 1898, wadda har yau bindigogin farauta da yawa tsarinta suke bi. Ka harba, ka ɗaga sakata, ka ja baya, kwanso ya faɗi, ka tura, ka kulle, sannan ka sake neman saiti. A wannan ɗan tsakanin mutum yake jin numfashinsa. Da ita na koyi barin abu har lokacinsa ya yi, na kuma kai darasin wurin aiki.

Nura: Baba Habu, in natsuwa ake nema, bindigar iska ta fi su duka. A gasar Olamfik ta mita 10, harbi 60 ake yi a tsaye, kuma ɗigon da ke ba da maki 10 faɗinsa rabin milimita ne. Bugun zuciyarka ma yana iya kautar da kai. Wanda ya zo da ɓacin ran shugabansa na ofis, takardar saiti za ta tona shi.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri, duk kun kauce wa tambayar. Kuna ta wace bindiga ta fi wace, ni kuwa lokaci nake lissafawa. Maigidana ma haka ya fara, muka yi murna ya samu abin da zai cire shi daga kwamfuta. Bayan shekara guda, ranar hutu ta zama ta fili: tafiya, harbi, dawowa, sannan a zauna a kwance bindiga a goge, a shafa mata mai. Da dare kuma kallon bidiyon wata sabuwa da yake son saya. Awoyin ofis ko minti ɗaya bai ragu ba. Daga ina lokacin harbin ya fito? Daga namu, ni da yara. An sayar da biri an sayi kare, tsugunne ba ta ƙare ba. Ban ƙi ya huta ba, wallahi ina so ya huta. Amma kada a ce min an daidaita aiki da rayuwa alhali ɗan autanmu ya daina tambayar ko Abba zai fita da su.

Injiniya Sani: Hajiya, wannan ai halin mutum ne, ba laifin bindiga ba. Mai ƙwallo ma yana iya yin haka.

Hajiya Rabi: To ka ga ka rushe da'awarka da bakinka, ƙanena. In hali ne, ba harbin ne ya gyara ka ba.

Dakta Ummi: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum kusan 745,000 a 2016, ta shanyewar jiki da ciwon zuciya. Haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 a kan na mai aikin awa 35 zuwa 40. Awa biyu a fili ba ta goge wannan. Tun 1919 aka amince da awa 8 a rana, 48 a mako, a yarjejeniyar farko ta ƙungiyar ƙwadagon, ga mu bayan shekara fiye da 100 muna neman magani a wajen aikin maimakon a cikinsa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mutumin da aiki ya matse, barci ya ƙaurace masa, ƙunci ya fara kama shi, shi ne wanda na fi jin tsoron ya kwana kusa da bindiga. A Amurka fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa, mutane ne suka kashe kansu. Wanda ya ji ransa ya yi nauyi haka, ya nesanta ta da gidansa ta hanyar da doka ta yarda, ya ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Malam Habu: Dakta, wannan gaskiya ce. Tawa a kulle take cikin akwatin ƙarfe, harsashi a wani wurin daban. Kuma matasa ku toshe kunnuwanku, ƙarar babbar bindiga tana wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti. Kunnena na hagu ya riga ya biya kuɗin sakacin ƙuruciya, ba na so ku bi sahu.

Injiniya Sani: Na ji. Na zauna na ƙirga na makon jiya: awa 58 a aiki, 5 a harbi da goge-goge. Har yanzu ina kan bakana cewa a fili ne kawai nake kashe waya da son raina, kuma ba zan bar 10/22 ba. Amma biyar ɗin nan daga gida na cire su, Hajiya, ba daga ofis ba.

Hajiya Rabi: To gobe ƙarfe nawa za ka tashi daga aiki?

Injiniya Sani: Biyar, in sha Allah. Zan faɗa wa shugabana tun da safe.