Wace manhaja zan saka don kula da database ɗin shagon kawu?

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min, kwana huɗu kenan ina fama. Ina Garwa ta Kamaru, ni ke riƙe lissafin shagon kayan babur na kawuna, da Excel muke yi amma fayil ɗin ya yi nauyi har sai na sha shayi kafin ya buɗe, shi ne wani abokina ya saka min XAMPP (tarin manhajoji ne da ke mayar da kwamfuta saba) muka kwashe komai zuwa MariaDB, wato database ɗin da ke cikinsa, ma'ajiyar bayanai.

To phpMyAdmin, manhajar kula da database ɗin da ta zo da XAMPP, ta burauza take, ni kuma so nake manhajar da zan danna kawai ta buɗe a kan kwamfuta. Na gwada MySQL Workbench sai ya dinga min gargaɗin wai sabar ba irin tashi ba ce. DBeaver kuwa kyauta ne kuma ya yi kyau wallahi, amma kwamfutata RAM 4GB ce tsohuwa, ga shi DBeaver ɗin da Java yake aiki mai cin RAM, fanka sai kuka take yi a wannan zafin, in aka ɗauke wuta batirin ba ya kai minti 40. An ce HeidiSQL ba shi da nauyi a Windows, akwai wanda ya yi aiki da shi? Navicat cikakke na kuɗi ne, kawu ba zai fidda ko sefa ɗaya ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, in na shigo da CSV (fayil ɗin da nake fitarwa daga Excel), sunayen kaya na Faransanci masu é da na Hausa masu ƙ da ɗ duk sai su zama alamar tambaya. Laifin manhajar ne ko utf8 ɗin ne, wato tsarin adana haruffa, ban saita ba?