Shawarwarin tsofaffin maharba kan farautar yau

In hirar maharba ta yi nisa, sai kewa ta taso: wai a da barewa da gada har bakin gari suke zuwa. Gaskiyarsu, gonaki sun cinye daji. Amma shawarar da ta rinjaya ita ce a daina raina abin da ya saura. Bayan kaka, in ciyawa ta bushe, mai karnuka biyu da gora ba ya rasa zomo ko burgu. Sun ja kunnen matasa kan cinna wa daji wuta saboda gafiya, ɓarnar da ta fi naman tsada. Gandun dajin Yankari kuwa, da aka keɓe tun 1956, wurin kallo ne kawai. Kafin shiga dajin wani gari, a fara gai da Sarkin Baka, wato shugaban maharban garin.