Neman shawara: maƙwabciyata ta ga malam-buɗe-littafi, ni ko inuwarsa ban gani ba

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, abin nan ya fara cin raina. Muna zaune a arewacin Ingila. An ba 'yata aikin makaranta, wai ta rubuta ranar da ta fara ganin malam-buɗe-littafi a bana da irin launinsa, a kai takardar kafin hutun Afrilu. Yarinyar nan ba ta wasa da aikin makaranta, ta ja layi da rula, ta yi wa kowane gida kala, ta manna a jikin firij, kuma kullum sai ta tambaye ni. Babanta ya ce a duba hoto a waya a cike kawai, na ce ban yarda a koya mata ƙarya ba, har muka ɗan yi sa-in-sa. Tun ƙarshen Fabrairu muke fita da sassafe kafin makaranta, muna bin wata hanya mai dogayen bishiyoyi, tafiya mai nisa ƙwarai, amma ko ɗaya. Ga shi Maris ya raba tsakiya. Maƙwabciyata kuwa da ba ta zuwa ko'ina ta ce ta ga wani rawaya a bayan gidanta. Sannan ga wata: na tsinci ɗaya a bayan labulen ɗakin sama, baƙi ƙirin, na ɗauka ya mutu, sai ya buɗe fiffike na ga ja da wasu idanu. Na sa shi a kwalba. In sake shi ne ko in bari? Kuma wannan zai shiga lissafin yarinyar?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya, ƙarfe nawa ne "sassafe"? Wane irin bishiyoyi ne, masu zubar da ganye ko masu kore duk shekara? Kwalbar nan tana ina yanzu, kuma a rufe take?

Maman Ihsan: Bakwai da kwata haka. Bishiyoyin masu ganye kamar allura ne. Kwalbar na kan tagar kicin kusa da hita don kada sanyi ya kashe shi, na huda murfin.

Kawu Na-Bakin-Daji: To 'yata, amsa ta fito daga bakinki. Ki fara da kwalbar, ita ce ta gaggawa. Abin da kika tsinta shi ne wanda Turawan wurin ke kira Peacock, Aglais io a littafi: bayan fiffikensa kusan baƙi, cikinsa ja mai duhu da idanu huɗu kamar na jelar dawisu. Tun kaka ya shigo ya laɓe don ya yi barcin hunturu, da kitsen da ya tara a jikinsa yake rayuwa. Zafin hita na gaya masa bazara ta yi, sai ya tashi yana bugun gilashi yana ƙona kitsen, alhali babu abin da zai sha ya mayar. Kwalba kuma tana gumi ta ciki, fiffike ya manne, ƙurar launin ta goge. Ki nemo kwalin takalmi, ki sa takarda mai kaushi a ciki yadda zai sami abin kamawa, ki juye shi a hankali ba tare da yatsa ya taɓa fiffike ba. Ki ajiye kwalin a wuri mai sanyi kamar rabin awa har ya lafa, sannan ki kai shi rumfar ajiya ko garejin da ba a kunna wuta, nesa da taga, ki bar murfin a ɗage yadda zai fita da kansa.

Sai batun fitarku. Ƙarfe bakwai na safe a watan Maris, ko shekara za ku yi ba za ku gani ba. Halittar nan ba ta da ɗumin jiki nata, sai naman da ke kaɗa fiffike ya ɗumama zuwa wajen digiri 30 kafin ta iya tashi sosai, kuma daga rana take samunsa. Masu ƙidayar malam-buɗe-littafi a ƙasar suna da ƙa'ida tun 1976, bisa tsarin da wani masani, Ernie Pollard, ya tsara: ana fita tsakanin 10:45 na safe da 3:45 na yamma. Idan zafi yana tsakanin digiri 13 da 17, sai rana ta fito aƙalla kashi 60 cikin ɗari na tafiyar. Ya haura 17, ko da gajimare ana iya fita muddin ba ruwa. Iska kuma in ta wuce ta sa ƙananan bishiyoyi rangaji, a zauna gida. Hanyar da kuke bi ita ce mafi muni: inuwa, sanyi, ƙasa ba fure.

Maman Ihsan: Kawu na gode, amma 10:45 yarinya tana aji, ni ina wurin aiki. Ba don son raina na zaɓi safiya ba. Kuma hanyar nan ita ce ba mota, ni da ƙaramar yarinya ba zan bi bakin titi ba.

Anti Mai Lambu: Ni ban yarda a mayar da shi gareji ba. Da a Disamba ne, e. Yanzu tsakiyar Maris, 'yan uwansa sun fara fitowa, kuma wanda ya yi kwanaki a farke kusa da hita ba lallai ya koma barci ba, zai mutu ne a kwali da yunwa. A ba shi ruwan sukari: cokali 1 na farin sukari a cokali 10 na ruwa mai ɗumi-ɗumi, a bari ya huce, a jiƙa auduga a ɗora a murfin kwalba. Da ƙafa yake ɗanɗano, saboda haka a sa ƙafafunsa su taɓa audugar, za ki ga ya warware dogon bakinsa da yake nannaɗe. Kada a zuba ruwan a faranti, zai faɗa ciki ya danƙare. A canja audugar kullum don tana yin fumfuna. Ranar farko da rana ta fito sosai, a sake shi da azahar kusa da fure.

Kawu Na-Bakin-Daji: Anti, kin ba shi sukari kin tashe shi gaba ɗaya, sannan a yi mako ana ruwa da ƙanƙara, sai yaya? Sanyi da duhu ba su kashe shi, abin da aka halicce shi a kai ke nan. Ɗumi ne ke kashewa.

Anti Mai Lambu: Shi ya sa na ce ta duba hasashen yanayi tukuna. Kawu kai komai sai ƙa'idar 1976.

Baban Sadiq: A bar batun kwalba, ga abin da ya fi min muhimmanci. Ƙa'idar da Kawu ya kawo ta masu ƙidaya ce, kuma ƙidayar ma ba ta farawa sai 1 ga Afrilu, ta ƙare 29 ga Satumba, mako 26. An yi ta ne don a iya kwatanta shekara da shekara. Mai neman na farko bai kamata ya jira digiri 13 ba. Ma'aunin waya yana ba ki zafin iska a inuwa. Gindin bango ko shinge mai fuskantar kudu, wanda iska ba ta bugawa, ya kan fi haka ɗumi nesa ba kusa ba, kuma a nan suke shan hantsi. Abin da ya faru da maƙwabciyarki ke nan. Ba sa'a ba ce, bayan gidanta ne ya tare iska ya tara rana. Hajiya, Asabar da Lahadi fa? Minti 20 a tsaye a wuri ɗaya mai kyau tsakanin sha biyu da biyu ya fi tafiyar awa biyu a inuwa.

Kawu Na-Bakin-Daji: Ban ce ta jira Afrilu ba, a karanta abin da na rubuta. Tunda an zo nan, bari in faɗa mata abin da za ta nema, don ba kowane iri ne ke fitowa yanzu ba. Na farko su ne waɗanda suka yi hunturu da fiffikensu. Rawayan maƙwabciya Brimstone ne, namiji. Shi a cikin ganyen tsiron nan mai hawa bango da ake kira aibi yake kwana, fiffikensa a rufe kamar ganye har da jijiyoyi. Ba ya buɗe fiffike in ya sauka, sai dai ya karkata gefe ɗaya wa rana, kuma namijin ba ya zama, bin shinge yake yi yana neman mace. Macen fara ce mai ɗan kore-kore, mutane na rikita ta da farin malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke cin kabeji. Ki duba bakin fiffike: nata mai tsini ne, ba baƙi a kai, da ɗigon ruwan lemo a tsakiya. Sai Peacock irin na kwalbarki. Sai Small Tortoiseshell, ruwan lemo da baƙi, da jerin ɗigon shuɗi a gefe. Sai Comma, gefen fiffikensa kamar an yayyage, da ɗan farin waƙafi a baya. Waɗannan ukun a ƙasa ake nemansu, ba a sama ba: kan busasshiyar ƙasa, kan dutse, kan faɗaɗɗen itace, fiffike a shimfiɗe. Da rana ta karkata namiji yakan kama wuri ya tsare, duk abin da ya gifta ya bi shi. In kin tashe shi kada ki bi, ki ja baya taku uku ki tsaya, sau da yawa wurin zai dawo. Kuma ki kula da inuwarki, da ta faɗa kansa ya tafi.

Waɗanda suka yi hunturu a cikin kwanso sai Afrilu. Orange-tip mai bakin fiffike ruwan lemo, da ɗan ƙaramin shuɗin nan Holly Blue da ke tashi sama-sama a kan shinge. Kada yarinya ta sa rai da su yanzu.

Yaya Babba: Duk wannan bayani, in an je wurin ma me za a tarar? Furen farko da suke sha shi ne na dandaliyon, ciyawar nan mai rawayan fure, da na bishiyar wilo mai gashi-gashi, da farin furen ƙayar shinge. Dandaliyon na buɗewa a turo injin yanka ciyawa a aske shi ƙwal. Aibi a sare shi tsakiyar hunturu da Brimstone a ciki, wai ana gyara. Ciyawar nan mai ƙaiƙayi, Urtica dioica, ita tsutsar Peacock da Tortoiseshell ke ci, kuma sai wadda ke rana suke yi wa ƙwai, ita ake fara fesa wa magani. Brimstone kuwa tsutsarsa bishiyar buckthorn kaɗai take ci, shi ya sa da an nausa Sikotilan yake wuyar gani. An fito da kiran a bar yanka ciyawa a watan Mayu, to Maris da Afrilu fa, iska za su sha? Sai a zo ana cewa sun ragu.

Maman Ihsan: Yaya gaskiya ne, amma ni ba ni da lambu, haya muke. Kuma Asabar muna da hidima har la'asar.

Ƙanwar Kowa: Anti ni dai na ji an ce daga Afirka suke zuwa, ƙila ba su iso ba ne.

Kawu Na-Bakin-Daji: Iri ɗaya kike nufi, Painted Lady, Vanessa cardui. Shi kam yana tsallake Sahara, kuma ba guda ɗaya ke yin tafiyar duka ba, iyaye su mutu a hanya 'ya'ya su ci gaba. Amma yawanci sai Mayu da Yuni yake isa Ingila, wata shekarar da yawa kamar 2009, wata shekarar da ƙyar. Bai shafi takardar da za a kai kafin hutun Afrilu ba.

Baban Sadiq: Kan tambayarki ta ƙarshe da kowa ya tsallake: na bayan labule ba ya shiga a matsayin na farkon bazara, don hita ce ta tashe shi ba yanayi ba. Amma yarinya na iya rubuta shi a gefe: kwanan wata, "a cikin gida", irinsa. Idan kun ga na waje, a rubuta rana, lokaci, wuri, zafi, ko akwai rana, da abin da yake yi. A ɗauki hoto tun daga nesa kafin a matsa, sai a ƙara taku a sake ɗauka, ko da na farkon bai fito sosai ba ya isa a gane launi. Manhajar iRecord Butterflies ko iNaturalist za ta taimaka wurin tantancewa.

Anti Mai Lambu: In ta sake shi a waje ranar Lahadi ya tashi yarinya ta gani, ai ta ga malam-buɗe-littafi yana tashi a waje. Aikin firamare ne fa, ba ƙidayar ƙasa ba.

Kawu Na-Bakin-Daji: Wannan da duba hoto a waya duk kanwar ja ce.

Maman Ihsan: Na gode muku duka. Na ɗauke kwalbar daga kan hita, amma ban sa shi a kwali ba don yarinyar tana son ta riƙa ganinsa, kuma garejinmu akwai gizo-gizo da yawa. Na sa masa audugar, bai taɓa ba tukuna. Fitar safe kuma ba zan daina ba, ta riga ta saba, kuma wata ta ce min ta taɓa ganin ɗaya da safe. Lahadi an ce digiri 11 da gajimare. In fita ko kada in fita?

Baban Sadiq: In rana ta leƙo ko na rabin awa ne, ki fita.

Kawu Na-Bakin-Daji: Digiri 11 da gajimare ɓata takalmi ne. Kuma ki fitar da shi daga kwalbar nan.