"Da ya ishe mu": za mu ari waƙar Yahudawa a godiyar kaka?

Ishaya: Salama iyaye da 'yan'uwa. Mu matasa muna so a sujadar godiyar kaka mu ari wani abu daga Yahudawa. Daren Idin Ƙetarewa suna rera Dayenu, wato "da ya ishe mu". Suna jero alherai 15, tun daga fitowa Masar, raba teku, manna, Asabar, Attaura, har gina Haikali, bayan kowanne su ce ko nan Allah ya tsaya, ya isa. Mu sai mu sa namu: damina, lafiya, gicciye. Ai Yesu ma ya rera ta da almajiransa.

Baba Dauda: Ɗana, Zabura 136 ta gaza ne? Aya 26, kowace da amshi cewa ƙaunarsa madawwamiya ce. Ga rijiya a tsakar gida, me ya kai mu roƙon ruwa maƙwabta?

Malama Hannatu: Baba, ina zuwa kan taka. Ishaya, janye maganarka ta ƙarshe. Markus 14:26 ya ce sun yi waƙa suka fita zuwa Dutsen Zaitun, bai faɗi wacce ba, masana sun fi karkata ga Zabura 113 zuwa 118. Cikakkiyar Dayenu kuwa a littafin addu'o'in Rav Amram, wani malamin Yahudawa na Babila, aka fara ganinta, ƙarni na 9. Tsarin cin jibin Idin Ƙetarewa da suke bi yau ma ya kafu ne bayan Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70. Shi ya sa Yahudawa da dama ke jin zafi idan coci ta shirya jibin nasu ta ce haka Yesu ya yi.

Ishaya: Na ji, Malama. To haramun ke nan?

Malama Hannatu: Wa ya ce? Ka dai faɗa wa jama'a ta su wa ce, kada ka laƙa wa Yesu.

Bulus: Baba, da girmamawa, aron nan ya daɗe. Mu Katolika, addu'ar da Fada ke yi kan gurasa da ruwan inabi tun gyaran Mas, wato sujadarmu, na wajen 1970, a kan salon albarkar cin abinci ta Yahudawa aka gina ta. Ita Zaburar ma daga hannun wa muka karɓa?

Baba Dauda: Zabura Maganar Allah ce, Bulus. Waccan al'ada ce.

Mama Rifkatu: Ku bar batun ta wane ne. Ni gaskiyarta nake tambaya. Ishaya, za ka tsaya gaban matan zumunta ka ce da ya ba mu ruwa bai ba mu girbi ba, da ya ishe mu? Akwai wadda ambaliya ta kwashe mata masara tana gab da nuna, takin ma bashi ta ci. Ranar godiya hannu wofi za ta zo, ta zauna can baya, wasu na shiga da buhuna da doya suna rawa. Ita ma ta amsa "ya isa"?

Malama Hannatu: Mama, waƙar kanta ta fi haka tsauri. Akwai inda suke cewa da ya raba mana teku bai ƙetarar da mu a busasshiyar ƙasa ba, da ya ishe mu. Ga Fir'auna a baya! Ba lissafin ciki ba ne, so ake a tsaya kan kowane alheri a gode kafin a hango na gaba. Habakuk 3:17-18 ma haka ya yi: ɓaure bai yi toho ba, garke babu dabba, ya ce zai yi murna.

Mama Rifkatu: Habakuk da bakinsa ya faɗa, 'yata. Ba mai rumbu cike ne ya sa masa a baki ba.

Ishaya: To Mama, ku ku rubuta baitin girbin, mu mu ɗauki sauran.

Baba Dauda: Ko wa ya rubuta, sai dattawa sun gani kafin ta hau bagade. A fara da Zabura 136 kuma.

Mama Rifkatu: Zan kai wa mata ranar zumunta. Ban yi alkawarin za su yarda ba.